Rayuwata da Littafin Rasit

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, kuma kusan duk aikin da na yi wa gwamnati a sashen kuɗin shiga na yi shi. Mu ne masu yawo da littafin rasit a kasuwa da tasha da mahauta. Daga baya aka ɗauke ni daga rana aka mayar da ni inuwa, wato ofishin ma'aji, inda ake haɗa kiyasin shekara. Yanzu na yi ritaya. Ba zan ambaci sunana ko na ƙaramar hukumarmu ba, domin waɗanda muka yi aiki tare wasu suna raye, wasu sun riga mu gidan gaskiya, kuma ba tonon silili ya kawo ni ba. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan shi ne yadda nake jin yaranmu suna gardama kan sabuwar dokar haraji da bashin da ake bin Najeriya, kowa na ambaton tiriliyan kaza da tiriliyan kaza. Na ce bari in ba da nawa labarin, daga ƙasa inda ake ƙirga kuɗin da hannu.

An haife ni a farkon shekarun 1960 a wani ƙauye da daga baya ya faɗa cikin tsohuwar jihar Kaduna. Mahaifina manomi ne, gero da dawa don ci, gyaɗa da auduga don kuɗi. Ban san wani abu wai shi kasafin kuɗi ba a lokacin, amma haraji kam na san shi tun kafin in san karatun allo sosai. Da kaka ta yi, sai a ji sanƙira yana shela cewa haraji ya fito. Mai unguwa yana da sunan kowane namiji baligi, shi zai tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, daga nan sai baitulmalin En'e. Ranar da Baba ya kai audugarsa fuloti aka auna aka biya shi, kuɗin haraji yake fara warewa kafin ya yi tunanin zanen matansa ko rigar sallarmu. Takardar shaidar biya kuwa a cikin hularsa take kwana idan zai yi tafiya, domin ana iya tare mutum a hanya a ce ya nuna.

Wanda ya kasa biya ya shiga uku. Na ga magidanci mai furfura an zaunar da shi a rana a ƙofar gidan dagaci, yara suna kallo. Wasu kan sulale su tafi ci-rani kafin masu karɓa su iso. Fulani kuma da damina, idan suka ji labarin malaman jangali, sai su kora rabin garke cikin daji. Bayan farin 1973, a 1975 da cuta ta kashe gyaɗa, tunkiyar mahaifiyata aka sayar aka biya. Har ta rasu tana ambaton tunkiyar nan, ba don darajarta ba, sai don ba a shawarce ta ba.

Duk da wannan wulaƙancin, akwai abin da na lura da shi a bakin Baba. Idan gugar rijiyar siminti ta gari ta lalace, ko malamin asibitin sha-ka-tafi ya ce magani ya ƙare, sai ka ji ya ɗaga murya: "To kuɗin harajinmu fa?" Yana jin yana da bakin magana saboda ya san abin da ya fita daga aljihunsa, ya san hannun da ya karɓa.

A 1979, da aka koma mulkin farar hula, gwamnonin jam'iyyar PRP guda biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Baba tsohon ɗan NEPU ne, mabiyin Malam Aminu Kano, ranar nan bai iya cin tuwo ba don murna. Har yau ina ganin soke shi daidai ne, domin haraji ne da yake ɗora nauyi kusan ɗaya a kan mai tunkiya ɗaya da mai garke. Sai dai abin da ba mu yi tunani ba a lokacin shi ne me ya ba gwamnati damar yafe shi. Kuɗin man fetur ne. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ido ya fara komawa kan kason da ke zuwa daga Legas, daga baya Abuja. Hukuma ta daina dogaro da manomi, shi ma manomi ya daina bin diddiginta.

Na kama aiki a 1983, lokacin da abubuwa suka fara taɓarɓarewa. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta riga ta shelanta tsuke bakin aljihu tun 1982, kuma ƙarshen Disamba na shekarar da na fara aiki sojoji suka karɓe mulki. Aka yi ta sallamar ma'aikata, ana layin madara da sabulu da sukari. Jihohi suka shiga ƙirƙiro kuɗaɗe da sababbin sunaye, wannan na raya ƙasa, wancan na makaranta. Mu kuma aka miƙa mana littattafan rasit aka ce mu fita mu nemo.

Bari in gaya muku yadda ranar kasuwa take ga malamin kuɗin shiga. Da sassafe za ka sa hannu a karɓi littafi, a rubuta lambar farko da ta ƙarshe. Ka fara da 'yan hatsi tun ana sauke buhuna, ka bi layin 'yan tebur, masu rumfa, 'yan koli, ka leƙa wajen sarkin pawa a ƙirga abin da aka yanka, ka ƙare a kara inda ake cinikin dabbobi. Akwai lasin keke, akwai na amalanke da kura, akwai kuɗin tasha. Da yamma ka koma da aljihu cike da sulalla masu warin manja da daddawa, ka zube a tebur a ƙirga. Mutane ba sa son ganinka. Hira ake yi ana dariya, kana isowa sai fuskoki su canza. Yaran kasuwa har suna suka sa mana, wanda ba zan maimaita ba.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, a bakin magudanar da ta toshe take baza tabarmarta. Duk kayanta da za a haɗa ba su kai kuɗin takalmin da ke ƙafata ba. Kowace kasuwa sai ta ce, "Ɗan nan, ko sisi ban yi ciniki ba tukuna." In ce, "Iya, zan zagayo." Idan na dawo bayan azahar sai ta kwance haɓar zaninta a hankali, ƙulli biyu take yi, ta zaɓo kwabban ɗaya bayan ɗaya, ta karɓi rasit ɗin ta cusa ƙarƙashin faifai ko da ba ta iya karanta shi. Wata rana da damina, ruwan magudanar ya taso ya jiƙa mata kuka, ta dube ni ta ce, "Wai wannan kuɗi da kuke karɓa kowace kasuwa, yaushe za a yashe mana wannan ƙazantar?" Na ce, "Iya, an sa a kasafin bana." Ta ce, "Wanda ya riga ka ma haka ya ce."

A kara kuwa labari daban ne. Babban dillali mai loda tirela zuwa kudu ba ya kwance haɓar zani. Zai kira ka gefe, ya ce a rubuta rabin shanun, idan ka ƙi ya ce zai yi magana da na sama da kai, kuma ya yi ɗin. Masu benaye a cikin gari da ya kamata su biya kuɗin gini, takardar neman biya ba ta ƙetare ƙofar gidajensu. Da siyasa ta dawo a 1999 sai aka fara raba tashoshi da kasuwanni ga yaran jam'iyya a matsayin ladan wahala, su karɓa su kawo abin da suka ga dama. Na ga littafin rasit iri biyu a kasuwa ɗaya, lambobi ɗaya, ɗaya na hukuma ɗaya na wani. Zagin kuma mu ake yi wa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998 ta jera abin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, don a daina karɓar abu ɗaya sau uku. Mun manna jerin a bangon ofis, amma igiyar da ake ɗaurewa a kan hanya a tare motar doya ba ta san da shi ba.

Shekarun Babangida ba sai na daɗe a kansu ba, duk wanda ya rayu a lokacin ya sani. Aka yi muhawara kan karɓar bashin IMF, wato asusun ba da lamuni na duniya, aka ce an ƙi, sannan a 1986 aka kawo SAP, shirin yi wa tattalin arziki garambawul, aka karya darajar naira. Albashina bai ragu a takarda ba, amma abin da yake saye ya ragu. A 1994 aka fara karɓar VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kayan da mutum ya saya, kashi 5 cikin ɗari. Yawancin mutanen kasuwarmu ba su ma san suna biyansa ba, tunda a cikin farashin kaya yake ɓoye.

Sai da aka mayar da ni ofishin ma'aji na fahimci mene ne giɓin kasafi, kuma ba a littafi na koya ba. Ga yadda ake yi. Wajen ƙarshen shekara takarda za ta zo daga jiha a ce a haɗa kiyasi. Kowane sashe ya kawo buƙatunsa: ayyuka, lafiya, noma, ilimi. Ciyaman yana da alƙawuran da ya yi a kamfen, kowane kansila yana son a ga sunan mazaɓarsa. A tara duka, sai ka ga abin da za a kashe ya ninka abin da za a samu. Mai hankali zai ce a rage buƙatu. Amma ba haka ake yi ba. Sai a juyo wajen shafin kuɗin shiga a fara ja masa wuya. Na taɓa cewa, "Ranka ya daɗe, kasuwar nan ba ta taɓa kawo ko rabin wannan adadi ba." Ma'aji ya cire tabarau ya ce, "Malam, ba a kai kasafi da rami a ciki. Rubuta, Allah zai kawo." Shi ma ba mugu ba ne, umarni yake bi. A takarda sama da ƙasa sun daidaita, kowa ya tafa, a buga a ɗaure da kyakkyawan bango.

Ramin yana nan, an rufe shi da takarda ne kawai. Gwamnatin tarayya idan ta samu giɓi tana iya cin bashi. Ƙaramar hukuma ba ta da wannan gatan sosai, saboda haka nata giɓin ta hanya biyu yake fita: ko a ƙi yin aiki, ko a ƙi biyan wanda ya yi. Akwai wani ɗakin shan magani na wani ƙauye can kan iyakarmu da na yi ta kwafe shi daga kasafin bara zuwa na bana, adadin kuɗinsa yana ƙaruwa saboda siminti ya tashi, alhali ko harsashi ba a haƙa ba. Matan ƙauyen a bayan babur ake kawo su haihuwa, wasu a amalanke. Ga kuma ƙananan 'yan kwangila, wanda ya gyara rufin aji biyu da kuɗin da ya ranta, yana zarya da fayil har takalminsa ya cinye. Na san wanda ya sayar da gonarsa ya biya masu katako, kuɗinsa kuma bai fito ba har ya kwanta dama.

Mutane suna jin an ce ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, jihohi kashi 26.72, tarayya kashi 52.68, sai su ɗauka kuɗin a hannun ciyaman suke sauka. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, ta nan kuɗin suke bi. Kafin su iso mana an cire albashin malaman firamare, an cire na fansho, an cire kason masarauta, an cire na ayyukan da aka ce na haɗin gwiwa ne ko da ba a tambaye mu ba. Abin da ya rage wani watan albashi ma da ƙyar. Kuɗin da muke wahalar tarawa a kasuwa kuwa, idan aka ajiye su kusa da kason Abuja, ba su taka kara sun karya ba. A nan na gane dalilin da ya sa ba wanda ya damu da magudanar tsohuwar nan. Ba da kuɗinta hukuma take numfashi ba, to me zai sa a ji tsoron fushinta?

A 2005, zamanin Obasanjo, Ngozi Okonjo-Iweala tana ministar kuɗi, muka ji a rediyo cewa ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yafe wa Najeriya dala biliyan 18, mu kuma za mu biya kimanin biliyan 12 a rufe littafi. Mun yi murna a ofis har da sayen tsire. Wani dattijon akawu ya ce mu bi a hankali, bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma wanda ya saba ci ba ya dainawa don an yafe masa. Mun ce ya cika baƙin baki.

Gangar mai ta haura dala 100 a tsakiyar 2014, zuwa Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Wannan faɗuwar a tukunyar gidana na gan ta. Albashi ya koma zuwa a makare, wata ya shiga wata, kullum ana tantance ma'aikata ana neman na bogi, mu na gaske muna layi a rana da takardun kama aiki da suka fara yagewa. Gwamnatin Buhari ta ba jihohi rancen ceto a 2015 don su biya albashi, kasafin tarayya na 2016 kuma naira tiriliyan 6.06 ne da giɓin tiriliyan 2.2. A gidana uwargida ce ta zama ma'aji. Ta buɗe shafi a wajen mai shagon unguwa, ta daina sayen nama sai ƙashi, ta koma dafa wake da safe don ya riƙe yara har yamma. Wata rana na dawo daga tantancewa, ta ajiye min ruwa ta ce, "Malam, ku da kuke rubuta kasafin gari guda, ga na gida nan ya gagara." Ta faɗa da dariya ne, amma kuɗin makarantar 'yarmu ta biyu da 'yan kunnenta na aure aka biya. Bambancin kasafinta da namu na ofis shi ne ita ba ta taɓa rubuta kuɗin da ba ta da tabbacin zuwansu ba.

Na yi ritaya a 2018. Maganar garatuti ba zan buɗe ta ba, duk ɗan fansho ya san yadda ake jira. Na ɗan kafa teburin sayar da hatsi a ƙofar gida, na koma ɓangaren waɗanda ake yankar wa rasit.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda nake so matasa su gane. A shekarun baya, da kuɗin shiga suka kasa, gwamnatin tarayya ta riƙa karɓar rance kai tsaye daga Babban Bankin Najeriya. Dokar bankin a lokacin ta ce irin wannan rance kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Amma sai da ya taru ya kai naira tiriliyan 22.7, har a 2023 majalisa ta amince a mayar da shi bashin shekara 40. Babban banki ba gona yake da ita ba, ba rijiyar mai ba. Idan ya ba gwamnati irin wannan kuɗi, ƙirƙirar su ya yi. Naira ta yi yawa, kayan da za a saya ba su ƙaru ba, farashi ya tashi. Ga tallafin mai da ya ci sama da tiriliyan 4 a 2022 kaɗai, shi ma da bashi ake riƙe da shi. Bankin Duniya ya ce a wannan shekarar kimanin kashi 96 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya wajen biyan bashi suka tafi.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. A watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo. Zuwa Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A teburina na ga matan da suke sayen tiya sun koma sayen gwangwani. Na ga magidanci ya tsaya yana juya mudun masara a hannu, ya ajiye, ya ce zai dawo, bai dawo ba. Wannan ma haraji ne, har ya fi na zamanin Baba nauyi, sai dai ba a yanka masa rasit. Babu mai unguwar da ya rubuta sunanka, babu dagacin da za ka je ƙofarsa ka yi ƙorafi. Giɓin da aka yi shekaru ana rufewa da takarda, ga inda ya fito: a mudu, a kuɗin mota, a kuɗin magani. Mai kadara da dala a ajiye bai ji komai ba, wasu ma ƙaruwa suka yi. Mai albashi da ɗan fansho da mai tallan ƙosai su suka cike ramin.

Ba na cikin masu cewa a bar tallafin har abada. Na yi aikin lissafi, na san ba a ciyar da gida da rance kullum, kuma na san man da ake cewa an sauƙaƙa mana ana tsallakawa da shi iyaka. Abin da ya ƙona min rai shi ne a shekarar da aka ce talaka ya ɗaure ciki, a shekarar aka sayo wa 'yan majalisa manyan motoci. A Maris 2024 Sanata Abdul Ningi ya yi hira da sashen Hausa na BBC, ya yi zargin cewa akwai tiriliyoyi a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Majalisar dattawa ta musanta, ta dakatar da shi wata uku. Ko da gaskiyarsa ko babu, ni da na san yadda ake kwafe aiki daga shafi zuwa shafi, na so a ce an baza takardun ne a gaban jama'a maimakon a rufe bakin mai magana. Kasafin 2025 ya kai naira tiriliyan 54.99, sama da tiriliyan 14 a ciki na biyan bashi ne, aka kuma tsara sake cin wani bashin don cike giɓin sama da tiriliyan 13.

Ɗana na uku yana tuƙa adaidaita sahu. Kafin ya ɗauki fasinjan farko ya sayi tikitin hukuma, ya sayi na ƙungiya, ga balas ɗin mai mashin yana jiransa da dare, ga mai. 'Yata tana sana'ar POS, kullum tana faɗa da kwastomomi kan naira 50 da ake cirewa idan kuɗin da aka tura sun kai 10,000. Da aka sa hannu kan sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yuni 2025, aka ce daga Janairun 2026 wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba babu harajin albashi a kansa, yaron ya zo min da murna. "Baba, an ce an yafe wa talaka haraji." Na ce masa ya zauna. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, a shekara 840,000 ke nan, da kaɗan ya ɗara 800,000 ɗin, saboda haka ƙaramin ma'aikaci ya samu sauƙi, kuma abin a yaba ne. Amma shi ba a taɓa cire masa harajin albashi ba tunda ba shi da albashi. Nasa harajin tikiti ne da farashin mai da VAT na kashi 7.5 da ke cikin kayan gyaran mashin. Kwamitin da ya tsara dokar da kansa ya ce haraje-harajen da ake karɓa a ƙasar nan sun haura 60, ban da waɗanda ba sa cikin kowace doka. Ranar da aka kwance igiyar kan hanya, ranar zan taya shi murna.

Na bi gardamar da gwamnonin arewa suka yi kan yadda za a raba VAT, kuma na fahimci tsoronsu. Amma a duk hayaniyar ban ji an tsaya an yi wa talaka bayanin abin da aka yi da wanda aka riga aka karɓa ba. Tun da aka cire tallafi, abin da ake rabawa a Abuja duk wata ya haura tiriliyan 1, a 2025 har ya taɓa tiriliyan 2. Jihohi da ƙananan hukumomi ba su taɓa ganin naira mai yawan haka ba, ko da darajarta ta zube. Ranar 11 ga Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Tsofaffin abokan aikina da nake tambaya murmushi kawai suke yi.

Abin da nake yi yanzu kaɗan ne. Ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata, jikana yana nemo min a waya, ni kuma in kwafa a littafi da biro. Ranar taron ƙungiyar ci-gaban unguwarmu nakan karanta musu adadin da ƙarfi. Karon farko wani dattijo ya ce in sake faɗa, yana zaton na ƙara sifili. Daga nan muka rubuta takarda, liman da mai unguwa da shugabar mata suka sa hannu, muka kai sakatariya muna neman a nuna mana kasafin shekara da jerin ayyukan da aka biya kuɗinsu a mazaɓarmu. Yaron da ya karɓi takardar ɗan wani tsohon abokin aikina ne, ya durƙusa ya gaishe ni, ya buga mata hatimi, ya ce ciyaman ya yi tafiya. Mun bar kwafi ɗaya a wajensa, mun kai ɗaya wa kansila, kuma mun sa ranar komawa bayan sallah.